Muhammadu Durugu, Babban Gwanin Magina

A garuruwan gabashin Kano, irin su Kademi da Gaya da Ajingi, in ma'aikaci ya tara 'yan kuɗinsa ya tashi gina gida, sau da yawa fasalin gidan da ya gani a birni yakan kawo wa magini, a jera bulo a rufa da kwano. Bazara na zuwa ɗaki ya zama tanda, mai gida ya koma kwana a tsakar gida. Saboda haka ne muka ga ya kyautu a yau mu kawo wa masu karatu tarihin wani magini na ƙasar Hausa wanda ya yi aikinsa bisa lura da ƙasar da zai yi gini a kanta da bukatar wanda zai zauna ciki.

Wannan bawan Allah shi ne Malam Muhammadu Durugu, wanda kuma ake kira Malam Mika'ilu. Ya yi zamani a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, lokacin da sarakuna ke bukatar masallatai da fadodi da suka dace da sabuwar daula. Ƙwarewarsa ta sa aka laƙaba masa Babban Gwani, har laƙabin ya danne sunansa na yanka. A Birnin Zariya ya zauna, kuma akwai unguwar da ake kira Babban Gwani, inda zuriyarsa suka gāji sana'ar.

Aikin da ya fi fito da sunansa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Kayan aikinsa kuwa su ne waɗanda kowane magini ya sani, watau jar ƙasa da tubali da azara. Ita azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma in tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kamar ƙafa shida, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa. Dabarar magina ita ce a riƙa ɗaura azara bisa azara daga kowane gefe, ana turo ta gaba kaɗan-kaɗan ana lulluɓe ta da ƙasa, har su haɗu a sama su zama bakan gizo. Babban Gwani ya kai wannan dabara matuƙa, ya ɗora tulluwa bisa manyan ginshiƙai, ya sami fili mai faɗi da tsawo inda sahu zai miƙe, zafi kuma ya tashi sama ya bar masallata cikin sanyi. Mamakin aikin ya sa mutanen Zazzau ke ba da labari cewa da dare yake gini shi kaɗai, bayan leburori sun tara masa kaya da rana.

Sunansa ya kai har ƙasar Bauci. A Kafin Madaki, wajen shekarar 1860, zamanin Sarkin Bauci Ibrahimu, ya gina wa Madakin Bauci gida, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. A nan ne ake ganin yadda bukatar mai gida ke tsara gini. Madaki babban basarake ne mai jama'a, dole ya sami soro mai faɗi inda zai karɓi baƙi ya saurari ƙara, kuma dole iyalinsa su zauna cikin sutura. Tsarin gidan Bahaushe ya tanadi duka biyun, domin daga zaure sai ƙofar gida, sa'an nan shigifa, kana cikin gida, kuma ba a sa ƙofa ta kalli ƙofa balle idon baƙo ya zarce ciki.

Haka nan maginan da Babban Gwani ya yi wa jagora ba su fara aiki sai sun dubi wuri. Sun san hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ya fi bukatar kariya. Sukan duba inda ruwa ke gangarawa kafin su kafa indararo. Sukan yi bango mai kauri da ƙananan tagogi, yadda zafin rana ba zai ratso ɗaki da wuri ba, sa'an nan su shafe shi da makuba ko laso saboda damina.

Game da ƙarshensa, labarin da aka gāda shi ne bayan ya gama masallacin Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi.

Masallacin Zariya ya daɗe bayansa. Wani masanin gini daga ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ya zana, kuma an gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Cikin shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabo. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe ya rufta ana sallar La'asar, aka yi hasarar rayuka, abin da ya tuna mana cewa ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara.

To, ga ɗalibanmu masu koyon zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello da sauransu, ga kuma ma'aikacin da ke shirin aza harsashi a garinsu. Ko da siminti za a yi aiki, a fara duban filin, da inda rana da iska da ruwa ke bi, a kuma tambayi mai gida yadda yake zaune da iyalinsa da baƙinsa, kafin a ja layi ko ɗaya. Allah ya jiƙan Babban Gwani, ya kyautata namu zuwan.