Radivoj Korac: Bahagon da ya gagari gasar Yugoslabiya

Yau babu ƙasar da ake kira Yugoslabiya, haka ma gasar ƙwallon kwando ta kulob-kulob ɗinta, wadda aka fara a shekara ta 1945, ta bi ƙasar a 1992. Sai dai mu a ganinmu, mai son sanin yadda wannan gasa ta yi suna a Turai, dole ya fara da Radivoj Korac.

An haife shi ranar 5 ga watan Nuwamba na 1938 a garin Sombor, cikin Sabiya ta yanzu. A Belgirad ya yi wasansa, cikin kulob ɗin OKK, inda ya samu horo a hannun Borislav Stankovic, wanda daga baya ya daɗe yana babban sakataren hukumar FIBA. A wancan zamani ba a cikin zaure ake buga gasar ba. A fili ake yi, a sarari, shi ya sa sai lokacin zafi ake wasa. Sai a kakar 1967 zuwa 1968 aka koma zaure. Kafin zuwan Korac kuwa, kofin kamar gadon gidan Crvena Zvezda ne, domin ta ɗauke shi sau goma a jere, daga 1946 zuwa 1955.

Da Korac ya tasa, sai labari ya sha bamban. OKK ta ci gasar a 1958, 1960, 1963 da 1964, shi kuma sau bakwai yana zama wanda ya fi kowa jefa ƙwallo a kakar wasa. Bahago ne, kuma saboda launin gashinsa ake masa laƙabi da Zucko, wato mai rawaya. Idan aka ba shi jifan kyauta, da hannu biyu yake ɗago ƙwallon daga ƙasa, salon da ƴan wasan yau za su ji kunyar gwadawa. Shi dai bai damu ba, tunda ƙwallo na shiga.

Ranar da ba a mancewa ita ce ta watan Janairu na 1965, a gasar zakarun Turai, lokacin da OKK ta karɓi baƙuncin Alvik ta Suwidin. An tashi 155 da 57, kuma Korac shi kaɗai ya ci maki 99. Wato abin da ya ci ya ɗara na dukan ƴan Alvik da maki 42. Maki ɗaya tak ya rage ya kamo 100 ɗin da Wilt Chamberlain ya yi a Amurka a 1962. Masu ƙorafi na iya cewa Alvik ba wata babbar ƙungiya ba ce, kuma gaskiyarsu, amma har yau babu wanda ya kai wannan adadi a babbar gasar kulob ta Turai.

Da rigar ƙasa ma ya taka rawa: shi ya fi kowa maki a wasannin Olimfik na Roma a 1960, kuma ya samu lambar azurfa a gasar duniya ta 1963 da ta 1967, da kuma Olimfik na Meziko a 1968. A ƙarshen wasansa ya fita waje, ya ci kofin Beljiyam da Standard Liège a 1968, sannan ya koma Padova a Italiya.

Ranar 2 ga watan Yuni na 1969 ya rasu sakamakon haɗarin mota kusa da Sarayebo, yana da shekara 30. Bai ga lokacin da kulob-kulob ɗin ƙasarsa suka mamaye Turai ba: Bosna a 1979, Cibona a 1985 da 1986, Jugoplastika ta Split sau uku a jere daga 1989 zuwa 1991.

Hukumar FIBA ta ƙirƙiro gasar Turai da sunansa, Kofin Korac. A wasan ƙarshe na farko, a 1972, tsohon kulob ɗinsa OKK ne ya kai, amma Lokomotiva ta Zagreb ta hana shi kofin. An daina wannan gasa a 2002, sai aka mayar da sunan nasa kan kofin ƙasa tun daga 2003. A 2022 ne Amurkawa suka shigar da shi zauren tunawa da gwarzaye na Naismith, shekara 53 bayan rasuwarsa.