James Smithson: Baturen da ya bar wa Amurka amanar dukiyarsa

A tsakiyar birnin Washington akwai wani jan gini mai kama da fadar sarakunan da, kuma daga gefen ƙofarsa ta arewa akwai ɗan ɗaki da ke ɗauke da ƙasusuwan James Smithson. Da dukiyarsa aka kafa Cibiyar Smithsonian, wadda a yau take riƙe da gidajen adana kayan tarihi da dama, da gidan namun daji, da cibiyoyin bincike. Shi kuwa mai dukiyar bai taɓa taka ƙasar Amurka ba sai bayan kusan shekara 75 da rasuwarsa.

An haife shi a Paris wajen shekarar 1765, a ɓoye, domin iyayensa ba su yi aure ba. Mahaifinsa Hugh Smithson shi ne ya zama basaraken Northumberland, ɗaya daga cikin manyan attajiran Ingila, amma bai taɓa amsa ɗan nan a bainar jama'a ba. Mahaifiyarsa Elizabeth Macie bazawara ce mai hali. Da sunan James Macie ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya kammala a 1786, kuma shekara guda bayan haka aka karɓe shi cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, yana da kimanin shekara 22. Sai da mahaifiyarsa ta rasu a 1800 sannan ya koma amsa sunan Smithson.

Ilimin sinadarai da na ma'adinai su ne suka ci rayuwarsa. Ya yi ta yawo a ƙasashen Turai yana tattara duwatsu yana gwada su, ya wallafa maƙalu 27, har da wadda ya yi kan yadda ake dafa kofi. Binciken da ya yi kan wani ma'adini mai ɗauke da tutiya ya sa daga baya aka raɗa wa ma'adinin sunansa. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun rutsa da shi, aka tsare shi a 1807, kuma lafiyarsa ba ta sake komawa daidai ba. An san shi da son caca, amma duk da haka bai bari gadon mahaifiyarsa ya lalace ba. Juya shi ya yi ta yi har ya ƙaru. Bai yi aure ba, bai haihu ba.

A watan Oktoban 1826 ya rubuta wasiyyarsa. Ya bar dukiyar ga ɗan ƙaninsa Henry Hungerford da 'ya'yan da zai haifa, ko ta hanyar aure ko ba ta hanyar aure ba, sharaɗin da ke nuna cewa tabon haihuwarsa bai gushe daga zuciyarsa ba. In kuwa yaron ya mutu babu magaji, to dukiyar ta koma hannun Amurka, a kafa cibiya a Washington domin ƙara ilimi da yaɗa shi tsakanin mutane. Smithson ya rasu a Genoa ta ƙasar Italiya ranar 27 ga Yunin 1829. Shekara shida bayan haka Hungerford ya bi shi, babu ɗa babu jika.

Daga nan labarin ya tashi daga na mutum ya koma na amana. Wasu 'yan majalisa, irin su Sanata John Calhoun, sun ga cewa karɓar kyauta daga baƙo zubar da girman ƙasa ne, amma a 1836 Majalisar Dokoki ta amince. Shugaba Andrew Jackson ya tura Richard Rush zuwa Landan, inda ya shafe kusan shekara biyu yana bin shari'ar gadon. A watan Agustan 1838 ya sauka New York da sulallan zinare 104,960 cikin akwatuna 11. Aka narkar da su a Philadelphia, aka buga kuɗin Amurka da suka kai dala 508,318.

Kuɗin ba su daɗe ba. Majalisa ta ba da umarnin a sayi takardun lamunin jihohi da su, kuma kaso mafi tsoka ya tafi jihar Arkansas, wadda ba ta daɗe da cika shekara biyu da zama jiha ba. Cikin 'yan shekaru Arkansas ta kasa biyan ko da kuɗin ruwa. Babu wanda ya fasa akwati da dare. Da sa hannu da hatimi aka salwantar da dukiyar mamaci, alhali ba a aza ko tubali ɗaya ba.

Wanda ya tsaya kai da fata shi ne John Quincy Adams, tsohon shugaban ƙasa da ya dawo Majalisar Wakilai, wanda ya shugabanci kwamitin da ke kula da wasiyyar. Matsayinsa shi ne, tun da ƙasa ta karɓi amana, dole ta biya abin da ya ɓata, kuma kada a taɓa uwar kuɗin, ribar kaɗai za a riƙa kashewa. Ya kuma yi ta taka wa masu neman a ba makarantunsu ko mutanensu wani kaso burki. Shi kansa burinsa a gina wurin nazarin taurari ne, bai samu ba. Amma dokar da Shugaba James Polk ya sa wa hannu ranar 10 ga Agustan 1846 ta ɗauki ainihin hujjarsa: aka lissafta kuɗin a matsayin bashi a kan baitulmalin ƙasa, da ribar kashi 6 cikin 100 a kowace shekara, tun daga 1838. Ma'ana, masu biyan haraji ne suka cike ramin. Aka kuma kafa kwamitin amintattu da ya haɗa da mataimakin shugaban ƙasa, da alƙalin alƙalai, da 'yan majalisa, da wasu zaɓaɓɓun 'yan ƙasa.

Wannan tsari ya bar cibiyar da aljihu biyu har yau. Fiye da rabin abin da take kashewa daga kasafin gwamnati yake fitowa, sauran kuma daga asusun amana da gudummawar masu hannu da shuni, kuma idon majalisa bai cika kai wa aljihu na biyun yadda yake kai wa na farko ba. A 2007 shugaban cibiyar ya yi murabus bayan mai binciken kuɗi ya gano kashe-kashen da ba a ba da izininsu ba, kuma wani kwamiti mai zaman kansa ya ɗora wa amintattun laifin sakaci. Manyan muƙamai a teburin amintattu ba su hana hakan faruwa ba.

Abin da ya sa Smithson ya zaɓi Amurka kuwa, wuta ta cinye mafi yawan abin da zai iya bayyana shi. Gobarar da ta tashi a jan ginin nan a watan Janairun 1865 ta ƙone takardunsa da tarin duwatsunsa. Da aka shirya tashin maƙabartar da yake kwance a Genoa saboda aikin fasa dutse, Alexander Graham Bell, wanda ya ƙirƙiro wayar tarho kuma ɗaya daga cikin amintattun cibiyar, ya je da kansa ya ɗauko ƙasusuwan, ya iso da su Washington a watan Janairun 1904. Rubutun da ke kan dutsen kabarin ya ce ya rasu yana da shekara 75. A gaskiya bai wuce 64 ba.