Samuel Coleridge-Taylor: Makaɗin da ya yi suna, ya rasu ba shi da dukiya

Tun shekarar 1996, lokacin da Kanya King ta kafa bikin bayar da kyaututtukan MOBO a Landan, ake taruwa a Birtaniya domin karrama kiɗan da ya samo asali daga baƙar fata. Kusan shekara ɗari kafin wannan biki, akwai wani baƙar fata da Ingila ta jinjina wa a fagen kiɗa, wato Samuel Coleridge-Taylor.

An haife shi a Landan ranar 15 ga Agusta, 1875. Mahaifinsa likita ne ɗan Saliyo wanda ya koma Afirka kafin haihuwarsa, don haka ya tashi a hannun mahaifiyarsa Baturiya a garin Croydon. Ya fara da goge irin na Turawa, kuma yana ɗan shekara 15 ya shiga kwalejin kiɗa ta Royal College of Music.

A 1898 ya tsara Hiawatha's Wedding Feast, wadda ƙungiyoyin mawaƙa suka yi ta rerawa a faɗin Ingila. Sai dai saboda matsin aljihu, ya sayar wa kamfanin ɗab'i haƙƙinta gaba ɗaya a kan fam 15 da sule 15. An sayar da kwafi masu ɗimbin yawa, shi kuwa bai sami rabo a cikin ribar ba.

Bai manta da tushensa ba. Ya halarci taron haɗin kan Afirka na farko a Landan a 1900, sannan a 1905 ya wallafa tarin kaɗe-kaɗe 24 da ya gina a kan waƙoƙin Afirka da na baƙaƙen Amurka. Sau uku ya ziyarci Amurka, inda a 1904 Shugaba Theodore Roosevelt ya karɓe shi a fadar White House.

Ciwon huhu ya yi ajalinsa ranar 1 ga Satumba, 1912, yana da shekara 37. Ganin halin da iyalinsa suka shiga, Sarki George na Biyar ya yanka wa matarsa fanshon fam 100 duk shekara. Wannan lamari na daga cikin hujjojin da aka kafa wajen neman a riƙa biyan mawaƙa ladan aikinsu, kuma a 1914 aka kafa ƙungiyar Performing Right Society domin karɓo musu wannan haƙƙi.