Seydou Keïta: Ɗan kafintan da ya koya wa mutanen Bamako tsayuwa a gaban kyamara

A zamanin da Faransa ke mulkin ƙasar da a yau ake kira Mali, akasarin hotunan ’yan Afirka da ke yawo a Turai baƙi ne suka ɗauke su. Akan tsayar da mutum tamkar kayan baje koli, a buga hotonsa a kati, ba a ko tambayi sunansa ba. A wannan yanayi ne Seydou Keïta ya buɗe shagon ɗaukar hoto a unguwar Bamako-Coura a 1948.

An haife shi a Bamako a farkon shekarun 1920, ya kuma fara da sana’ar mahaifinsa ta kafinta. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal ya ba shi ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie.

Da yawa daga cikin masu zuwa shagonsa ba su taɓa zama a gaban kyamara ba, ga fim da tsada, don haka sau ɗaya yakan ɗauki mutum. Ke nan aikin duka yana kammaluwa ne tun kafin ya danna. Yakan nuna wa mutum hotunan waɗanda suka riga shi zuwa, ya zaɓi irin tsayuwar da ta kwanta masa a rai. Daga nan Keïta ya karɓi ragama: ya gyara inda hannu zai sauka, ya ɗan karkata fuska, ya baza riga yadda adonta zai fito. A tsakar gida yake yawan aiki, da hasken rana, kuma zanen gadonsa ne labulen bayan da ya fara amfani da shi.

Ya kuma tanadi kayan aro: kwat, agogo, alƙalami, rediyo, babur ƙirar Vespa, har da motarsa. Wani zai ce yaudara ce a ɗauki talaka da agogon da ba nasa ba. Amma mai jin kunya da aka danƙa wa rediyo ya samu inda zai ɗora hannu, kuma shi ya zaɓi yadda yake so danginsa su gan shi, zaɓin da mai kyamarar mulkin mallaka bai ba shi ba.

A 1962, shekara biyu bayan samun ’yancin kai, gwamnatin Modibo Keïta ta ɗauke shi aikin ɗaukar hoto a hukumar tsaro. Ba a jima ba aka rufe shagon. Ya yi ritaya a 1977.

A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York a matsayin aikin wani mai hoto da ba a san ko wane ne ba. Attajiri Jean Pigozzi ya tura André Magnin zuwa Bamako neman mai su, kuma Malick Sidibé, shi ma mai ɗaukar hoto, ne ya gane hannun Keïta. A 1994 cibiyar Fondation Cartier ta baje aikinsa a Paris da sunansa. Hotunan da a da ake bugawa ƙanana don a aika wa dangi suka koma manya-manya, masu tsadar gaske.

Ya rasu a Paris a watan Nuwamban 2001, ya bar taƙaddama a kan ɗaruruwan fina-finansa na asali da ke hannun Pigozzi, da kuma wanda ke da ikon sake buga su. Mazan da matan da ke cikin hotunan kuwa, galibinsu har yau ana rataye su a gidajen tarihi babu suna a ƙarƙashi.