Jan Piyaje, Masanin Da Ya Ɗauki Karatu Wurin Yara

Duk wanda ya shiga kwalejin horon malamai ba zai fita ba sai ya ji sunan Piyaje. To, wane ne shi, me kuma ya bar mana?

An haifi Jan Piyaje ran 9 ga watan Agusta 1896 a Nushatal, cikin ƙasar Suwizalan. Ubansa malamin jami'a ne. Tun yana ƙarami Allah ya ba shi lura ƙwarai. Wajen shekara 11 ya ga wani ɗan tsuntsu zabiya, ya rubuta labarinsa, aka buga. Daga nan ya duƙufa kan binciken katantanwa, har ya sami digirin dakta kan ilmin halittu a 1918.

A 1919 ya tafi Paris, aka sa shi aikin gwada basirar yaran makaranta. Abin da a ke so shi ne ya ƙidaya amsoshin da su ke daidai. Shi kuwa sai hankalinsa ya koma kan waɗanda ba daidai ba, don ya lura tsara ɗaya kuskure iri ɗaya su kan yi. Sai ya riƙa zama da yaro yana tambayarsa dalilin amsarsa. Nan ya gane yaro ba ƙaramin babba ba ne, yana da tasa hanyar tunani dabam.

A 1921 ya koma Janiba. Ya yi aure a 1923, ya sami 'ya'ya uku, shi da matarsa suka riƙa rubuta abin da jariran ke yi tun suna goye. Da wannan da sauran bincikensa ya kasa girman hankali mataki huɗu.

Na fari, daga haihuwa zuwa shekara 2. Jariri da hannu da baki da ido ya ke sanin duniya. In ka rufe abin wasansa da zane, da fari ba ya nemansa, kamar ya ɓace ke nan. Sai wajen wata 8 ya kan fara ɗaga zanen.

Na biyu, shekara 2 zuwa 7. Baki ya buɗe, amma ido ke jan hankali. Cika kofi biyu da ruwa daidai wa daida, sa'an nan ka juye ɗaya cikin kwalba siririya a gabansa. Sai ya ce na kwalba ya fi yawa, don ya ga ya fi tsawo.

Na uku, shekara 7 zuwa 11. Yanzu ya gane ruwan bai ƙaru ba, tun da in an mai da shi kofi zai koma yadda ya ke. Ya iya jerawa da kasawa da lissafi, muddin abin yana gabansa, ko ya taɓa ganinsa.

Na huɗu, daga wajen shekara 12. Nan ne ya kan iya tunani kan abin da ba a gani, kamar lissafin haruffa da ma'anar adalci, ya kan kuma kawo zato ya gwada shi.

Piyaje ya shugabanci ofishin ilmi na ƙasashen duniya a Janiba kusan shekara 40, tun daga 1929. Ya rubuta littattafai fiye da 50. Ya rasu a Janiba ran 16 ga watan Satumba 1980, yana da shekara 84.

An gwada maganarsa a ƙasashe da yawa, har da Nijeriya. A 1961 wani masani, Price-Williams, ya buga binciken da ya yi kan yaran Tibi, ya sami su ma wajen shekara 7 zuwa 8 su kan gane yawan abu ba ya sakewa don an sake masa mazubi. Amma waɗansu masana sun yi masa gyara. Sun nuna in an yi tambaya cikin wasa, da maganar da yaro ya saba ji, ya kan amsa daidai tun kafin shekarun da Piyaje ya faɗa. Watau shekarun nan kimantawa ce, ba doka ba.

To, malaman gobe, ga abin riƙewa. Yaron da ya ba da amsa ba daidai ba, sau da yawa ba daƙiƙi ba ne, iyakar inda hankalinsa ya kai ke nan. In aka yi masa tsawa zai haddace abin da bai gane ba, ko ya tsani makaranta har abada. Tambaye shi dalilinsa tukuna. In lissafin allo ya gagare shi, ba shi tsakuwa ya ƙirga da hannunsa. Da rarrafe yaro kan tashi.