Sir Alec Douglas-Home Da Jam'iyyarsa Ta Ƙasar Sikotilan

Ƙasar Sikotilan ita ce yankin arewa na Biritaniya, tana kuwa aika wakilanta Majalisar Landan kamar sauran yankuna. Wanda ya dubi yadda zaɓe ya ke gudana can a 'yan shekarun nan, da wuya ya yarda an taɓa yin zamanin da jam'iyyar 'yan mazan jiya ta ci rabin ƙuri'un ƙasar. An yi wannan zamani, tarihin Sir Alec Douglas-Home kuwa shi ne tarihin tashin jam'iyyar da faɗuwarta.

An haife shi a Landan ran 2 ga Yuli 1903, amma gidansu na sarauta ne a kudancin Sikotilan, kusa da iyakar Ingila. Ya yi karatu a makarantar Eton, sa'an nan ya wuce Jami'ar Okasfod. Jam'iyyar da ya shiga ba Konsabatib a ke ce mata a Sikotilan ba, sunanta Yuniyanis, watau masu son ƙasashen Biritaniya su zauna a haɗe. An kafa ta a 1912. Tana da shugabanninta da asusunta na kanta, sai dai in wakilanta sun je Landan su kan zauna tare da 'yan Konsabatib, su jefa ƙuri'a tare. Ƙarfinta yana wajen manoma da attajirai, da kuma ma'aikata masu bin ɗariƙar Furotestan, waɗanda sana'arsu ta ƙera jiragen ruwa ta dogara ga cinikin daular Ingila.

Ya fara tsayawa zaɓe a Coatbridge a 1929, bai ci ba. A 1931 ya ci mazaɓar Lanark. Ya zama mai taimakon Neville Chamberlain, har ya raka shi Munik a 1938 sa'ad da ya je sulhu da Hitila, sulhun da bai hana yaƙi ba. A 1940 likitoci su ka gane yana da tarin fuka a ƙashin baya, ya yi wajen shekara biyu kwance. Da ya warke ya koma Majalisa, sai ga zaɓen 1945, Jam'iyyar Leba ta ƙwace masa Lanark. Bai yi fushi ya bar mutanen wurin ba, ya ci gaba da zagaya su har ya karɓo kujerarsa a 1950.

A 1951 mahaifinsa ya rasu, ya gaji sarautar gidansu, ya zama Earl na Home na 14. Bisa dokar lokacin, mai irin wannan sarauta ba shi zama a Majalisar Wakilai, dole ya koma Majalisar Sarakuna. Churchill ya naɗa shi Minista a Ofishin Sikotilan, ya yi shekara huɗu yana zaga ƙasar, yana jin kukan manoma da masunta da mutanen kan duwatsu. A ƙarshen wannan aiki ne a ka yi zaɓen 1955, wanda jam'iyyarsa da abokan ƙawancenta su ka sami ƙuri'a 50.1 cikin ɗari, da kujera 36 daga cikin 71. Ba ta ƙara kai wa nan ba.

Daga 1955 zuwa 1960 shi ne Ministan Harkokin Ƙasashen Kwamanwel, daga nan ya zama Ministan Harkokin Waje. A watan Oktoba 1963 ciwo ya sa Harold Macmillan ya sauka, manyan jam'iyya su ka yi shawara a tsakaninsu, sunansa ya fito. Ya ajiye sarautar da ya gada don ya zama Firayim Minista mai kujera a Majalisar Wakilai, ya tsaya a mazaɓar Kinross da Yammacin Perthshire, ya ci a watan Nuwamba. Mulkinsa bai cika shekara guda ba. A zaɓen Oktoba 1964 Harold Wilson na Leba ya kayar da shi da rinjayen kujera huɗu tak. A Sikotilan kuwa kujerun jam'iyyarsa, waɗanda su ka sauko zuwa 31 a 1959, su ka koma 24.

Ganin haka a ka nemi magani. A 1965, yana shugaban jam'iyya, a ka sāke sunan Yuniyanis, a ka sa Konsabatib a gaba, a ka kuma haɗa ta sosai da uwar jam'iyya ta Landan. Cikin shekarar nan ya shirya dokar da ta ba wakilai ikon zaɓen shugabansu da ƙuri'a, sa'an nan ya sauka, Edward Heath ya gaje shi. Maganin bai ci ba, gama a 1966 kujerun sun koma 20. Daular da ke kawo ciniki ta watse, masana'antu na rufewa, addini ya daina jan ƙuri'a kamar dā, jama'a kuma su ka fara ɗaukar jam'iyyar a kan ta Ingilishi ce.

Shi kansa ya lura da abin da mutanensa ke so. Heath ya ba shi shugabancin wani kwamiti, a 1970 kwamitin ya ba da shawara a kafa wa Sikotilan majalisar tata a Edinbara. Heath ya ci zaɓe, Sir Alec ya sake riƙe Harkokin Waje har 1974, amma ba a kafa majalisar ba. A 1979 gwamnatin Leba ta nemi ra'ayin jama'a kan irin wannan majalisa. Ya shawarci mutane su ƙi, bisa cewa gwamnatin Konsabatib za ta kawo shiri wanda ya fi. Masu yarda sun fi yawa kaɗan, amma ba su kai adadin da doka ta tsayar ba. Margaret Thatcher ta hau mulki a shekarar, ta soke dokar, ba ta kawo wata ba. Da yawa daga mutanen Sikotilan sun riƙe wannan a zuci, ko da ya ke abokan gābarsa ma sun shaide shi da gaskiya da ladabi.

Alkawari kaya ne. A zaɓen 1987 kujerun jam'iyyar sun faɗo zuwa 10. A 1989 a ka fara karɓar sabon harajin kai a Sikotilan shekara guda kafin Ingila, abin ya ƙara ɓata ran jama'a. Sir Alec ya rasu ran 9 ga Oktoba 1995 a gidansu na Hirsel, yana da shekara 92. Bai ga zaɓen 1997 ba, wanda jam'iyyarsa ba ta sami ko kujera ɗaya ba a Sikotilan duka.

A 1999 a ka buɗe majalisar Edinbara, wadda jam'iyyar ta yi shekaru tana ƙi. Da ya ke ana raba wasu kujerunta bisa yawan ƙuri'un kowace jam'iyya, 'yan Konsabatib su ka sami 18 daga cikin 129. Ta wannan ƙofa ce su ka sake samun bakin magana a ƙasarsu.