Taƙaitaccen Tarihin Rabi Nahman na Breslov (1772-1810)

An haifi Rabi Nahman a shekarar 1772 a garin Medzhybizh da ke ƙasar Yukiren ta yanzu. Ta wajen uwa, tattaɓa-kunne ne ga Baal Shem Tov, malamin da ya assasa tafarkin Hasidi a tsakanin Yahudawan gabashin Turai. Tun yana yaro ya duƙufa wajen karatun Attaura da Kabbala, wato ilmin baɗini na Yahudawa. A shekarar 1798 ya ziyarci ƙasar Falasɗinu, sannan a 1802 ya zauna a garin Breslov, wanda da sunansa ake kiran mabiyansa.

Koyarwarsa ta ginu a kan abubuwa biyu. Na farko, kada mutum ya yanke ƙauna komai yawan laifinsa, ya lazimci farin ciki a ibada. Na biyu, ya ware sa'a guda kullum, ya keɓe kansa, ko da a daji ne, ya kai kukansa ga Ubangiji da harshen da ya tashi da shi. Ba cikin jin daɗi ya koyar da haka ba: ɗansa ya rasu yana jariri a 1806, matarsa ta bi bayansa a 1807, shi ma tarin fuka ya kama shi. A 1810 ya koma garin Uman, inda ya rasu yana da shekara 38.

Da ba don almajiransa ba, da yawancin karatun nan ya bi iska. Babbansu, Natan na Nemirov, ya haɗu da shi a 1802, ya riƙa rubuta abin da ya ji daga bakinsa. Ta haka aka samu littafin Likutei Moharan, wanda kashinsa na farko ya fito a 1808, da kuma hikayoyinsa 13 da aka buga bayan rasuwarsa. Natan ya kafa maɗaba'a a gidansa, ya sha tsangwama har da ɗauri daga masu adawa da tafarkin, amma bai fasa ba har ya rasu a 1844.

Abin da ya bambanta su da sauran Hasidawa shi ne ba su naɗa masa magaji ba, shi kansa Natan bai hau kujerar ba. Wannan ya sa 'yan adawa suka laƙaba masu sunan matattun Hasidawa. Su kuwa a ganinsu malaminsu yana tare da su a cikin littattafansa.

Natan ne ya fara tara jama'a a kabarinsa a lokacin sabuwar shekarar Yahudawa. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta hana taron, sai ɗaiɗaiku suka riƙa zuwa a ɓoye. Bayan rushewarta a 1991 ziyarar ta farfaɗo, har dubun-dubatar mutane daga Isra'ila da Amurka da sauran ƙasashe suka riƙa hallara a Uman, fiye da shekara 200 bayan rasuwar malamin.